Babbar rigar ango: aikin hannu a Zariya ko na keke a nan Kaduna?

Abba Rigasa: Assalamu alaikum. Saura sati bakwai ɗaurin aurena, shadda tana hannu. Aska takwas ta hannu nake so, an ce sai dai in kai cikin birnin Zariya. Za a gama kafin ranar, ko in haƙura a buga min na keke a Kasuwar Barci?

Maman Hanif: Allah ya sanya alheri. Farar shadda ta fi yi wa ango kyau.

Baban Zee: Ƙanena, kada ka soma. Ni na kai tawa saura wata uku, na ba da rabin kuɗi. Ashe wanda ka miƙa wa ba shi ke yi ba. Mai zane daban, sannan a kai wa matan aure cikin gida su bi zanen da allura, daga nan sai masu bugu. Duk na je sai "tana wajen mata". Ana jibi biki aka ce mai aikin ta haihu! Da rigar aro aka ɗaura min aure, tawa ta iso bayan an watse.

Sadiq Kawo: Ai ta yi ranar suna 😂

Baban Zee: Ba abin dariya ba ne, dubu tamanin na biya.

Ummi T/Wada: Tamanin? An cuce ka. Dubu talatin da biyar aka yi wa yayana.

Malam Zazzau: Wannan na kwamfuta ne, Hajiya. Juya bayan rigar ki duba, zaren hannu ba ya tafiya daidai wa daida. Gidanmu sana'ar ke nan. Wanda bai taɓa riƙe allura ba ya daina yanke farashi.

Ummi T/Wada: To mai sayarwa ne zai faɗa mana gaskiyar kuɗi?

Malam Zazzau: Matar da ta ƙare idonta a kan rigar nawa kike zaton ke isa hannunta? Dillalai ke cinyewa.

Dattijo Kakuri: Ku kuna ta ɗinki. Yadin fa? Masaƙar KTL tun 1957 ta fara saƙa a garin nan har aka rufe ta a 2002, yau Kakuri kango. Babanmu masaƙa ya yi wa aiki, har ya rasu bai ga haƙƙinsa ba. Yanzu yawanci daga Chana.

Sadiq Kawo: Ko wuta babu, wace masaƙa?

Abba Rigasa: Jama'a, sati bakwai ɗin fa, zai isa?

Dattijo Kakuri: Mu a layinmu tiransifoma ce ma ta ƙone.