Auduga ko foliyesta: da wanne zan lulluɓe fikafikan Piper Cub?

Mai Gyaran Cub:
Assalamu alaikum. Ni da abokina muna farfaɗo da wani tsohon jirgi samfurin Piper J-3 Cub a nan Amurka, kuma da na danna yadin saman fiffike da babban yatsa, sai fentin ya tsattsage kamar busasshiyar laka. Zuciyata ta fi karkata ga auduga, domin da ita aka lulluɓe shi tun asali, amma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Tsohon Makaniki:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka bar wa jiragen gidan tarihi auduga. Tana jan danshi tana ruɓewa, alhali ƙa'idar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ita ce yadi ya riƙe kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da ake buƙata tun farko, kuma audugar da ke kwana a waje takan kasa cika wannan sharaɗi cikin 'yan shekaru. Foliyesta irin ta Ceconite ko Poly-Fiber ba ta ruɓewa. Ana manna ta da gam, sannan a ɗame ta da dutsen guga wanda aka auna zafinsa, a tsarin Poly-Fiber a fara da digiri 250 na ma'aunin Farenhait a ƙare da 350, har yadin da ke lilo ɗazu ya miƙe, in ka ƙwanƙwasa shi ya amsa kamar ganga. Babban abokin gabarta shi ne hasken rana, saboda haka kada ka yi rowar shafen nan mai garin alminiyam da ke kare yadi daga rana.

Ɗan Leipzig:
Akwai kuma yadin Oratex da ake yi a nan Jamus, wanda yake zuwa da launinsa, ba sai an yi feshi ba. Bai kai sauran nauyi ba, kuma ƙirjinka zai huta da warin sinadari, sai dai akwai tsada.

Tsohon Makaniki:
Gaskiya ne. Amma duk tsarin da ka zaɓa, ɗan'uwa, ka bi littafinsa daga gam har fenti na ƙarshe, kada ka gauraya kayan wani kamfani da na wani. A shekarar 1995 Steve Wittman, wanda ya shafe rayuwarsa yana ƙera jirage, ya rasu tare da matarsa bayan yadin fiffikensa ya ɓamɓare a sama, saboda ba a manna shi yadda ya kamata ba.

Mai Gyaran Cub:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na haƙura da auduga, gobe zan nemi littafin Poly-Fiber.