Ina za mu kai yara su sha iska a Zariya?

Maman Hanif, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. An yi hutu, yarana tun karin kumallo har magariba suna kan waya, in caji ya ƙare sai rigima. Gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti. Ina ake kai yara su taka ƙasa a garin nan?

Baban Ummi, Samaru: Wa alaikumus salam. Ku shigo cikin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) bayan la'asar, ku gangara wajen dam ɗin Kubanni. Akwai inuwa, ga balbela na bin shanu, yaro zai yi gudu har ya gaji. Sai dai a riƙe hannun ƙanana a bakin ruwa.

Anti Nas, Gyallesu: Baban Ummi ya taɓo inda nake so. Kallo kawai, ban da shiga. Ruwan da ke kwance, dam ne ko kududdufi, shi ne gidan tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta huda fatar mai wanka, sai daga baya a ga jini a fitsarin yaro. Wanda ya ga haka ya kai shi asibiti, akwai magani, kar a ce alamar girma ce. Amma fitar kam dole ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 na bukatar motsa jiki na minti 60 kullum.

Malam Lawal, Ƙofar Kuyambana: 'Yata, ba sai kin kashe kuɗin mota ba. Ki sa mahaifinsu ya bi da su gefen ganuwa da sassafe, ya nuna musu rimi, wanda da shi aka san Zazzau. Abin da ke damuna shi ne yaron yanzu yana shan kunun tsamiya amma bai san itacenta ba, bai iya raba ɗorawa da kanya ba. Ku tsaya a gindin itace, ya tsinki ganye ya murza ya shinshina, ya tsinci 'ya'yan ya fasa. Idan 'ya'yan rimi suka fashe iska na kwasar audugarsu, ku bar shi ya bi ta da gudu. Kuma in shamuwa ta sauka, a gaya masa damina ce ta matso.

Maman Hanif: Allah Ya saka, Baba. To dutsen Kufena fa? Babban ya dame ni da maganar hawa.

Yaya Bashir, Wusasa: Ana hawa, amma a ayari, da manya maza, kuma a tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki kafin a tashi. A fita da hantsi a sauko kafin rana ta take, don dutsen na ɗaukar zafi. Takalmi rufaffe, ban da silifas, ban da cusa hannu a kogo saboda kunama da maciji. Daga sama ana hango gari sosai.

Hajiya Kaka, Sabon Gari: Duk maza kuke ta wa tanadi. 'Yan matan fa? A share ƙofar gida a ba su duwatsun carafke, a zana musu 'yar gala-gala, babba ɗaya ya zauna kusa. Ke kuma mai siminti, samo tsohon buhun siminti ko na shinkafa, ki huda gindinsa, a cika da ƙasa da takin akuya. Kowane yaro da buhunsa: kuɓewa, yakuwa, alayyafo. Kuɓewa cikin mako take tsirowa, wata biyu an fara tsinka. Ban ruwan nasu ne, kar ki karɓe musu.

Yaya Bashir: Masu son Kufena su rubuta suna da adadin yara zuwa Alhamis. Asabar ƙarfe bakwai a haɗu a Wusasa, kowa da gorar ruwansa. 'Yan ƙasa da shekara bakwai a bar su gida tukuna.

Maman Hanif: A sa Hanif da babansa. Hajiya, a ina zan samu irin kuɓewar?

Hajiya Kaka: Kasuwar Sabon Gari, wajen masu iri. Ki jiƙa shi ya kwana kafin a shuka.