Furen salbiya na ruɓewa da damina a Kumasi, mece ce mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar shuke-shuke. A Aboabo nake, cikin Kumasi, ina da ɗan fili a tsakar gida inda rana ke duka tun hantsi har la'asar. Nan na dasa salbiya irin ta ƙasar Meziko, wato Salvia leucantha, mai siririn ganye da fure shunayya mai laushi. An san ta da jure fari, kuma da hunturu ta nuna hakan, ko an jima ba a ba ta ruwa ba tana nan shar.

Damina ce ta kawo matsala. Da ruwa ya kankama a watan Yuni, ganyen ƙasa ya koma rawaya yana zuba, gindin karan ya yi baƙi ya yi laushi. Ƙasar gidanmu ja ce mai danƙo, ruwa na kwanciya a kanta. Na daina ban ruwa, na gauraya yashi a gindinta, ba ta sake zani ba.

Don Allah wanda ya taɓa renon ta a nan, kunya zan ɗaga mata, ko in mai da ta tukunya mai huji a ƙasa? Rassan da suka rage lafiyayyu, in na yanka na dasa yanzu za su kama kafin ruwan Satumba?