Silin zauren masu sauka daga jirgi: na karɓi kafin alƙalami, yanzu barci ya gagare ni

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Shekara 14 ke nan ina aikin silin, gidaje da masallatai da zaurukan biki. Akwai wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina yaron shago, shi ya kai ni koyon POP (farin garin da ake kwaɓawa a yi silin), ko aurena shi ya tsaya a matsayin uba. To shi ne ya samu kwangilar gyaran zauren masu sauka a wani filin jirgin sama a nan Arewa, ya kira ni da kansa ya ce silin nawa ne, bai nemi kowa ba. Na karɓi kafin alƙalami, na biya wani bashi da ya daɗe a wuyana, sauran na sayi garin POP. Na zana abin da ban taɓa yin irinsa ba: da'ira uku hawa-hawa, dagin Arewa a tsakiya, fitilu a ɓoye ta gefe. Alhaji ya gani ya sa albarka.

Shekaranjiya sai ga wata mai zanen gini daga ɓangaren masu duba aikin. Ta ɗaga kai ta yi kallo, ta ce ba za ta sa hannu ba, fallayen alminiyam masu tsaga a tsakani take so, irin waɗanda ake cirewa a mayar. Ana so a gama kafin alhazai su fara dawowa. Kaya na jibge a sito, kuma ban iya haɗa ido da Alhaji ba tun ranar. Don Allah ya zan yi?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, baiwar Allahn nan ta cece ka. Me ke saman silin ɗin? Ba ka faɗa ba, ni bari in faɗa maka: bututun iskar sanyi, tiren wayoyin lantarki, wayoyin kyamara da na lasifika, bututun ruwan kashe gobara, na'urar shaƙar hayaƙi. Kowannensu sai an hau an duba shi. Ka rufe su da POP, ran da waya ɗaya ta ƙone sai guduma. Filin jirgi kuma ba a rufe shi don mai fenti ya zo ya yi faci.

Mai POP na Sabon Gari:
Haba Baba Injiniya, ai ana barin ƙofar leƙe. Ni na yi zauren da ya fi wannan girma, shekara shida ko tsagewa babu. Baban Ummi, kar ka yarda, ƙila tana da wanda take son ba wa aikin ne. Haka aka yi mini bara, aka ce aikina bai kai ba, aka kawo wasu daga Legas, har yau cikon kuɗina bai fito ba. Na yi sintiri har takalmina ya cinye.

Tsohon Injiniya:
Kar ka ɗora wa 'yar mutane zato. Ƙofar leƙe guda nawa za ka bari a kan bututun da ya ratsa zaure daga wannan bango zuwa wancan? Ku ji wannan. Ranar 11 ga Afrilu 1996 masu walda suna aiki a kan titin da ya bi ta saman zauren masu sauka a filin jirgin Duseldof na Jamus. Tartsatsi ya faɗa cikin ramin silin, ya kama soson roba da aka shimfiɗa a ciki. Wuta ta yi ta ci a ɓoye, mutane na ƙasa suna harkarsu, sai da hayaƙi ya turnuƙe. Mutum 17 suka rasu, kuma hayaƙin ne ya kashe su. A Nairobi ma, watan Agusta 2013, zauren masu sauka na filin Jomo Kenyatta ne ya ƙone ƙurmus, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Abin da ke bayan silin ya fi fuskar silin muhimmanci. Wannan ba falon amarya ba ne.

Baban Ummi:
Baba, na gode, amma POP ba ya cin wuta, kowa ya sani. Da silin roba na ce zan sa, sai a yi mini wannan faɗan. Kuma alminiyam ɗin daga waje ake yin odarsa, kafin ya iso alhazai sun dawo har sun gama rabon tsaraba.

Tsohon Injiniya:
Gaskiya ne ba ya ci. Da me za ka rataye shi? In da katako ne, ga abincin wuta kuma ga abincin gara. Rufin saman yana yoyo? Tsayin zauren mita nawa ne? Tambaya uku, ka amsa mini.

Maman Sadik:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, kayan fitilu nake sayarwa, amma ina da ta cewa. Da azumin bara na je tarar mahaifiyata daga Umara. Ana ta sanarwa a lasifika, wallahi ko kalma ɗaya ban tsinta ba, sai amsa-kuwwa kamar cikin rijiya. Ƙasa tayil, bango gilashi, sama siminti, ga kukan yara ga ƙarar amalanken kaya. Tsohuwa ta yi awa biyu a tsaye tana jiran jakarta, ba kujera, ƙafarta ta kumbura, kwana uku ba ta taka ba. Ko me za ku sa, ku tuna da tsofaffi.

Ɗan Damagaram:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne maganar. POP mai santsi mayar da sauti yake yi. Fallayen da ke da ƙananan huji, da auduga mai shan sauti a bayansu, su ke kashe kuwwa. Amma ni ban goyi bayan mai tsaga ba. Ƙurar hunturu za ta kwanta a kan kowane falle, wa zai hau ya share? A sa murabba'ai masu santimita 60, in ɗaya ya lalace a zare shi. Araha, kuma akwai su a kasuwa.

Tsohon Injiniya:
Waɗannan na ofis ne. Damina ɗaya su yi taswira ruwan ƙasa-ƙasa, su lanƙwashe. Araha ba ta ado. In kyau ake nema, a filin jirgin Madrid, tashar da aka buɗe a 2006, da gora suka lulluɓe rufin ciki gaba ɗaya, siraran fallaye masu bin lanƙwasar ginin, an yi musu maganin wuta. Ado da aiki suna haɗuwa in an zauna an yi tunani tun daga zane. Shawarata ɗaya ce: ka je wurin mai zanen nan da takardarka, ka roƙe ta ta bar maka dagin a wuri guda inda babu bututu, sauran a yi yadda ta ce.

Baban Ummi:
Baba, dagin shi kaɗai ba zai cinye ko kwatan garin da na saya ba. Kuma zanen nan dare bakwai na yi a kansa. Mutum ya sauko daga jirgi, abin da zai fara gani ke nan, ina so ya san ya iso gida. Alhaji ma ya riga ya nuna wa manya hoton.

Mai POP na Sabon Gari:
Kawo garin in saya, amma ba a kuɗin da ka saya ba, ka san yana jan danshi in ya kwana biyu.

Maman Sadik:
Ka faɗa wa Alhaji gaskiya yau ɗin nan, ɗan'uwa. Wanda ya tsaya maka a aure ba zai tozarta ka kan buhun gari ba.

Tsohon Injiniya:
Har yanzu ina jiran amsar yoyon.

Baban Ummi:
Akwai ɗan ɗigo ta kusurwar gabas, amma Alhaji ya ce na masu rufi ne, ba nawa ba. Gobe zan sake auna wurin. In na ƙara ƙofofin leƙe zuwa goma sha biyu, kuna ganin za ta sa hannu?