Shawarwarin da aka bayar kan sauraron kiɗan post-rock

Ga abin da na tattaro daga hirarmu ta majalisa a Zoo Road, don waɗanda ba su zo ba. Kowa ya yarda wannan kiɗan post-rock, wani reshe na kiɗan rock, haƙuri yake so, waƙa ɗaya sai ta kai minti 20 kuma yawanci babu mawaƙi, jita ce da ganguna da violin mai kukan goge, a fara can ƙasa-ƙasa a yi ta hawa har sai ka ji ƙirjinka ya cika, in ka tsallake farkon wallahi ka zubar da komai.

An ce kar a ji ta sifikar waya, a sa abin kunne da daddare bayan 'yan adaidaita sun lafa.

Kan inda za a fara ne aka yi musu. Wani ya ce ƙungiyar makaɗa ta Godspeed You! Black Emperor na Montreal a Kanada, da suka haɗu a 1994, ni kuwa ina tare da masu cewa ƙungiyar Mono ta Japan, nasu ya fi sauƙin shiga ga sabon kunne. Mai hali ya saya a Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, don gidajen rediyo ba su cika saka su ba. Wani yayanmu ya ƙara da cewa ranar da kake cikin damuwa sosai, ka ɗan jinkirta shi.