Taƙaitawa: kalmomin cuta da ha'inci da asalinsu

Salamu alaikum 'yan uwa, muhawarar da muka yi a kan asalin kalmomin cuta da ha'inci ta yi tsawo sosai, ga abin da na tattara.

1. Kusan kowa ya yarda ha'inci da makirci da munafunci da almundahana duk daga Larabci muka aro su. Cuta da zamba da yaudara kuwa ba wanda ya kawo musu wani asali daga waje.

2. Algus ne aka fi daɗewa a kai, shi ma Larabci ne. Iyayenmu mata masu sayayya a kasuwar Kejetia ta Kumasi a Ghana suka ce algus a kaya yake, a zuba ruwa a nono, ko a jera manyan tumatir a saman kwando ruɓaɓɓu na ƙasa, amma buga gindin olonka (gwangwanin awo) don ya rage awo wannan tauye mudu ne, laifinsa daban. Ni ma nan na tsaya.

3. 419 lambar sashe ce a dokar laifuka ta Najeriya. Ba musu.

4. Sakawa, wato sunan damfarar intanet a Ghana, da yawa sun ce daga “saka” ta Hausa ce. Dattawan unguwar Aboabo abin ya yi musu ciwo, yadda sunan damfarar intanet ya fito daga bakinmu, kuma wallahi da gaskiyarsu.

5. Kalabule, wato cuta a kasuwanci, ta yi tashe zamanin Acheampong, shugaban mulkin soja na Ghana, shekarun 1970, lokacin ɓoye kaya da tsawwala farashi. Nan aka rabu, wasu sun ce Hausa ce aka lanƙwasa, wasu suka ce sam kunnensu bai ji Hausa a ciki ba.

6. Wayo a wurinmu yaro mai wayo yabo ne, a bakin maƙwabtanmu da ba Hausawa ba ya koma zamba.