Yaran Momon masu farar riga: sadaukarwa ce ko tauye yaro?

Kawu na Nima: Jama'a, ni dai ban canja ra'ayi a kan yaran nan na cocin Momon masu fita wa'azi da farar riga da ɗan allon suna a ƙirji ba. A ɗauki yaro ɗan shekara 18, a raba shi da uwarsa shekara biyu cur, a tura shi ƙasar da ba shi ya zaɓa ba, kuma a hana shi zama shi kaɗai. Wannan ba wa'azi ba ne, tauye yaro ne. Mai ja ya zo ya gamsar da ni.

Malama daga Kumasi: Kawu, da izininka ina ja. Biyu daga cikinsu na haya a bayan gidanmu, ɗaya Ba'amurke, ɗaya ɗan Kongo. Tun da sassafe suke tashi, su yi addu'a, su motsa jiki, kowa ya yi karatun littafinsa, sannan su yi tare, daga nan su fita. Sai dare suke dawowa, takalmansu sun yi butu-butu da jar ƙasa, dunduniyar ta cinye gefe guda. Ran Litinin ce kawai ranar wankinsu da cefane, za ka ga fararen riguna jere a igiya. Ban taɓa jin hayaniya daga ɗakinsu ba. Ranar da ruwa ya cika mana kwata, su suka naɗe hannun riga suka taya mu yashewa. Ba addinina ba ne, kuma ba zan bi su ba, amma yaron da aka tauye ba haka fuskarsa take ba.

Kawu na Nima: Ladabi daban, 'yanci daban, Malama. Soja ma yana da ladabi.

Ɗalibi a Legon: Kawu na da gaskiya a kan cewa ba su ke zaɓar wuri ba. Saurayi yana cika takarda ne, sai amsa ta zo daga hedikwatarsu da ke Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, a ce masa ga inda za shi. Maza wata 24, mata wata 18. A da sai namiji ya kai 19, a 2012 aka sauko da shi 18. Na yankinmu yawanci ana fara horar da su a nan Accra, a cibiyar da ke kusa da haikalinsu na titin Independence, wanda aka buɗe a 2004. Dokokin kuma ba wasa: ba zance da budurwa, ba kallon fim, ba iyo, ba barin abokin tafiya. Shayi da kofi da taba da giya kuwa haramun ne ga duk ɗan cocin, ba su kaɗai ba. Ko sunansa na yanka ba a kiransa da shi, sai a ce Elder wane.

Hajiya Babba: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar maganar waya. Gaskiya ne ba sa kiran gida?

Ɗalibi a Legon: Haka yake a da, Hajiya. Sau biyu a shekara, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, sauran sai wasiƙa. A watan Fabrairun 2019 aka sassauta, yanzu suna iya kira kowane mako.

Hajiya Babba: To ka ji. Uwa ta ji muryar ɗanta sau huɗu a shekara biyu! Wallahi ko da an gyara, gyaran ma shaida ne cewa abin ya yi tsanani. Wa ya san yara nawa suka kwana suna kuka a baƙon gari kafin a gyara?

Yaya na Abuja: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma mu yi adalci. Mu ma muna da masu fita Tablig kwana arba'in ko wata huɗu, su bar iyali da kasuwa, su ci da kansu, kuma muna cewa Allah ya ba da lada. Waɗannan ma ba albashi ake biyansu ba. A Amurka iyaye ko shi yaron ke biyan ɗaruruwan daloli duk wata, wasu tun suna ƙanana suke tara kuɗin. Wanda ya fito daga gidan talakawa coci ke cika masa. Mutum ya biya kuɗi don ya je ana rufe masa ƙofa a fuska, ana yi masa dariya a titi, zazzaɓin cizon sauro na kayar da shi, ai sai dai idan ya yi imani da abin da yake ɗauke da shi.

Kawu na Nima: Ɗan Tablig magidanci ne, da hankalinsa ya fita, ranar da ya ga dama ya dawo ba mai zaginsa. Shi wannan fa?

Malama daga Kumasi: Shi ma yana iya komawa gida, ba a ɗaure kowa.

Ɗalibi a Legon: Anti, a nan ne nake tare da Kawu. A takarda yana iya komawa, amma shugabanninsu sun daɗe suna koyar da cewa fitar nan wajibi ce a kan saurayi, ga 'yan mata ne kawai take zaɓi. Ku ɗauki yaron da ya tashi a Utah, kakansa ya je, ubansa ya je, yayyensa sun je, duk unguwa na jiran ranar da takardarsa za ta zo. Ta ina zai fara cewa a'a? Wanda kuma ya dawo kafin lokaci, saboda ciwon damuwa ko don shakka ta shige shi, kunya ce ke tarbarsa, har wajen neman aure. Su kansu 'yan cocin sun yi ta magana a kan wannan, kuma shugabannin sun roƙi jama'a su daina yi wa irin waɗannan yara kallon waɗanda suka gaza. A ganina nauyin ba a tashin asuba yake ba, a nan yake.

Baba Dattijo na Jos: Bari Kirista ya sa baki. Mu a ikilisiyarmu ba mu yarda da koyarwarsu ba. Sun ƙara wani littafi a kan Littafi Mai Tsarki, sun ɗauki Joseph Smith, wanda ya kafa cocin a 1830, a matsayin annabi, kuma fahimtarsu game da Allah ta saɓa da tamu. Cocin Katolika ma ta ce a 2001 ba ta amince da baftismarsu ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, har zuwa watan Yunin 1978 baƙar fata ba ya samun matsayin firist a cikinsu. Idan na ga ɗan Afirka da allon nan a ƙirji, sai in tambayi kaina ko an gaya masa.

Yaya na Abuja: Baba, da yawansu sun sani, kuma cocin ta fito a 2013 ta nesanta kanta da hujjojin da aka riƙa kafawa a da. Akwai kuma abin da ake mantawa. Tun kafin 1978 mutanenmu ne suka riƙa rubuta wasiƙu Utah suna cewa a zo. Billy Johnson a Cape Coast ta Ghana ya tara jama'a tun shekarun 1960, Anthony Obinna a gabashin Najeriya ya yi shekaru yana jira, sai a ƙarshen 1978 aka yi musu baftisma. Ba wanda ya tilasta musu. Ɗan Kongon da Malama ke magana ba daga Utah ya fito ba, wataƙila ma shi kaɗai ne ɗan cocin a danginsu.

Kawu na Nima: Ina nan garin a 1989 lokacin da gwamnatin Rawlings ta Ghana ta dakatar da su tare da Shaidun Jehobah, aka kori Turawansu, aka sa wa majami'unsu kwaɗo har ƙarshen 1990. Na ga waɗanda suka ci gaba da ibada a ɗakunansu. Ban taɓa cewa ba su da imani ba. Manya ne, sun zaɓa. Maganata a kan yaro ce.

Malama daga Kumasi: To Kawu, ɗan shekara 18 yana jefa ƙuri'a, yana shiga soja. Yaushe zai zama babba?

Kawu na Nima: Ranar da zai iya cewa ba zan je ba, uwarsa ta tafi coci ran Lahadi ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ɗan Kongon na yarda wataƙila shi ya zaɓa. Ba'amurken ne ban yarda ba tukuna.

Hajiya Babba: Malama, tunda maƙwabtanki ne, ki tambayi Ba'amurken a hankali, idan ya ce yau zai koma gida, wa zai tarbe shi a filin jirgi, kuma da wace fuska.

Malama daga Kumasi: Zan tambaya, Hajiya, sai dai abokin tafiyarsa zai kasance tsaye a gefe yana ji, don ba sa rabuwa.

Kawu na Nima: Ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Amsar da yaro zai bayar a gaban abokinsa ba za ta gamsar da ni ba.